Asibitin da Jini Ba Ya Hawa

Duk wanda ya san Sista ya san ta da baƙar jakar nan mai nauyi da take ratayawa, wadda kwamfuta ke ciki. Kafaɗarta ta hagu har ta ɗan karkace saboda ita. Mijinta, malamin makaranta ne mai bakin tsokana, yakan ce ranar da za a raba gadonsa jakar ce za ta fara miƙo hannu, tunda ta fi 'ya'yansa zama a ɗakin. Sista ba ta kula shi. Ita ce shugabar ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota, mai ɗaki uku da baranda, inda ake awon ciki, ana yi wa yara allura, ana duba masu zazzaɓi da masu hawan jini. Ba likita ba ce, kuma in ka kira ta likita za ta gyara maka kafin ta amsa gaisuwarka.

Aikin a gida ta taras da shi. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, sai ƙanin mahaifiyarta ya ɗauke ta ya riƙe. Kawu jami'in lafiya ne, shi ke riƙe da asibitin tsohuwar unguwa, wanda ke lungun masu gyaran keke. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, don haka bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Uwata yake ce mata, a gida da gaban mutane, ko da kuwa faɗa zai yi mata. Da ta girma ta shiga makarantar aikin jinya, malamanta suka tarar ta riga ta iya awon jini fiye da yadda za su koya mata. Kawu ya nuna mata tun da wuri: ka ɗaura wa mutum ɗamara a damtse, ka yi ta matsa ƙwallon robar har iska ta cika, ka sa abin sauraro a kunne, sannan ka saki iskar a hankali. Bugun farko da ka ji, ka dubi agogon awo, wannan ne lambar sama. Inda bugun ya ɓace, ta ƙasa ke nan. Shi in zai yi, rufe ido yake ya karkata kai, sai ya ji bugun sannan ya buɗe. Yakan ce mata ido na iya ruɗin mutum, amma kunne ba ya ƙarya.

Ta daɗe tana aiki kafin abin ya fara damunta. Mutane ne majiya ƙarfi, waɗanda jiya ka gan su suna ɗaga buhu ko suna ciniki, yau a shigo da su ranga-ranga, baki ya karkace, hannu ɗaya na lilo. Ta san hawan jini ne ke kai su ga wannan shanyewar, kowa ma ya sani. Abin da take son sani shi ne a ina ake sakin su. Wa ya daina shan magani, yaushe, don me? Amsar na cikin katunan da suka cika kabad biyu a ofishinta, amma takarda ba ta amsa tambaya, balle wadda gara ta ci rabinta. Da aka kawo kwamfuta aka ce daga yanzu duk wanda aka duba a shigar da bayaninsa, ma'aikata suka yi ta ƙorafi, wai an ƙara musu aiki ba a ƙara musu hannu ba. Sista kaɗai ta yi murna. Sai dai ba ta jima ba ta gane cewa mutanen asibiti ɗaya ba su kai yawan da za a gane komai da su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wajen wani taron bita ta haɗu da Likita, wata matashiya daga babban asibitin koyarwa, mai tabarau da saurin magana. Likita na da ilimin lissafin da ake tace irin waɗannan bayanai, kuma burinta a haɗa na ƙananan asibitocin garin wuri ɗaya a yi bincike a kansu. Ta yi yawo har takalminta ya cinye, ba wanda ya buɗe mata ƙofa. A ba ta kujera, a ba ta ruwa, a ce ta dawo. Sista kuwa ba ta da lissafin, amma ba ƙofar da ba ta san yadda ake ƙwanƙwasa ta ba, don rabin shugabannin tare suka yi makaranta, sauran kuma ta karɓi haihuwar matansu ko ta je musu gaisuwar rasuwa. Nan suka raba aiki, kuma daga nan jakar ta hau kafaɗa.

Kada wani ya ɗauka shugabannin nan mugaye ne ko malalata. Tsoro suke ji, kuma tsoron nasu da dalili. A saninsu, duk lokacin da aka tattara lambobi aka kai sama, abin da ke saukowa takardar tuhuma ce ko canjin wurin aiki. Ba su taɓa ganin an tambaye su bayani don a taimake su ba. Kowa Sista ta je wa, sai ya sosa ƙeya ya ce abu ne mai kyau, in wane ya shiga shi ma zai shiga. Da ta bi wanen nan daga baki zuwa baki, sai ta tarar duk a ƙofar mutum ɗaya maganar ke tsayawa, wato Kawu, wanda ya girme su duka kuma ya koya wa da yawansu aiki.

Shi kuwa Kawu ba tsoron tuhuma yake ba. Cewa ya yi ciwon mutum amana ne, haka ma kuskuren ma'aikaci, kuma bai ga dalilin da zai sa ya zuba amanar mutane a cikin abin da bai san inda bakinsa ya tsaya ba. Ta yi masa bayani ya fi a ƙirga: za a cire sunan kowane majiyyaci kafin bayani ya fita, za a cire sunan asibitin ma, a ba shi lamba, kuma duk duniya ita kaɗai za ta san wace lamba ce ta wa. Likita kanta ba za ta sani ba. Ya ce to ta faɗi haka a gaban kowa. Aka tara shugabannin a barandar asibitinta, kan bencinan masu awon ciki, ta miƙe ta faɗa: ba asibitin da za a nuna da yatsa, ba wanda zai ji kunya ta dalilin wannan haɗaka, ita ta ɗauki wannan a wuyanta.

"Alkawari kaya ne, Uwata," in ji Kawu.

Ta ce ta sani. Ya sa hannu, sauran suka bi layi.

A wannan zaman ne aka raba wa kowane asibiti sabuwar na'urar awon jini mai batir, wadda ba ta buƙatar kunnen kowa: ka ɗaura, ka danna, ta yi gurnani ta nuna lamba. Kawu ya jujjuya tasa, ya ce a ɗaura wa ƙafar teburin nan, in ba ta ce teburin na da hawan jini ba a canja masa suna. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, Sista ma ta yi. Da ya koma ya sa ta a saman kabad cikin kwalinta, ya ci gaba da abin da ya saba. Ba wanda ya matsa masa, don wa zai koya wa Kawu awon jini?

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar aikinta. Duk ƙarshen wata ta zagaya, ta karɓi bayanai, ta gyara wa wannan kwamfutar da ta ƙi tashi, ta lallashi wancan da ya yi fushi don an ce shigarwarsa da giɓi. Kuma abin ya yi amfani. Sun gano, misali, cewa yawancin masu daina karɓar magani ba taurin kai ba ne, ranar da ake ba su ta dawowa ce ke faɗawa da safe, lokacin da mai sana'a ba ya iya barin rumfarsa. Aka buɗe musu awon yamma, layi ya cika. Shugabannin da dā suke ɓoye kuskure suka fara kawo shi taro da kansu, suna cewa akwai wani asibiti da ke yin kaza, kowa ya san nasa yake nufi, a yi dariya a gyara. Sista ta kan dawo gida ƙafa a kumbure, zuciya fes.

A cikin gari kuma wata magana ta fara yawo, rabi wasa rabi gaske, wai a asibitin Kawu jini ba ya hawa. Wasu suka ce hannun tsohon ne ke da albarka, wasu suka ce sanyin halinsa ne ke kwantar wa mutum da hankali. Mutane suka riƙa tsallake asibitocin unguwarsu suna zuwa can. Cikinsu har da Tela, mai shago a bakin tasha, wanda shi ke ɗinka wa Sista fararen kayan aikinta. Ta auna shi ta ga jininsa ya yi sama, ta ɗora shi kan magani, ta hana shi gishiri, ta bi shi da faɗa duk sanda ta wuce. Ran nan sai ga shi yana washe baki, wai ya je wurin Kawunta an auna shi, an ce jininsa kamar na saurayi, an ce ya huta da ƙwayoyin nan. Ya ce dama ita ce ke tayar masa da jini da wannan faɗan nata. Ta yi dariya ta ce Allah ya sa haka ne. A ranta ta ce maganin ne ya yi aiki, kuma in Kawu ya auna, to an auna.

Wata rana da hantsi Likita ta kira ta ofishinta, ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Ta juyo mata da kwamfuta. Layuka ne masu launi, kowane asibiti da nasa, suna tafiya kusa da juna, ban da guda ɗaya da ya ware yana gangarowa ƙasa shekara bayan shekara. Likita ta ce wannan Lamba Bakwai ne, kuma in aka bi awonsa babu inda mutane suka kai nasa lafiyar jini. Sannan ta buɗe wani shafin, na waɗanda suka faɗi da shanyewar ɓarin jiki. A nan kuma Lamba Bakwai ne a sama, ya yi wa kowa nisa. Ta ce ruwa ba ya tsami banza: awon wurin ba daidai yake ba, ana ce wa masu ciwo lafiyarsu ƙalau, ana sauke su daga magani. Ta ce ba ta tambayi sunan asibitin ba kuma ba za ta tambaya ba, ta san sharaɗin. Amma dole wani ya je, kuma a duniya mutum ɗaya ce ta san hanya.

Sista ba ta buƙaci duba komai ba. Ita ta raba lambobin da hannunta. Ta ce za ta bincika, ta ɗauki jakarta ta fita.

Abin da ya biyo baya ba abin yabo ba ne, kuma ita ma ba ta taɓa cewa abin yabo ba ne. Ta yi ta neman wanda za ta ɗora wa laifin. Da farko ta ce mai shigar da bayanai a asibitin Kawu ce ke kuskure; ta je ta zauna kusa da ita kamar hira ta kawo ta, ta ga abin da Kawu ya rubuta shi ake shigarwa, ba ragi ba ƙari. Sai ta ce tsohon agogon awon ne ya gaji. Ta sayo sabo irin na hannu ta kai masa a matsayin tsaraba, ya yi ta sa mata albarka, ya fara aiki da shi. Wata ya zagayo, layin bai motsa ba. Daga nan ne abubuwan da ta daɗe tana gani ba ta kula ba suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Rediyonsa da ake ji tun daga bakin lungu. Yadda yanzu yake kallon bakin mutum in ana masa magana. Yadda a taro ake tambayarsa abu ya yi shiru, shugabanni su ce tsoho ya yi kunnen uwar shegu, alhali shi ba halinsa ba ne. Matarsa ma ta taɓa cewa sai ta dafa kafaɗarsa yake sanin an kawo abinci, aka yi dariya aka wuce.

Kunnen Kawu ne ke tafiya, a hankali, yadda shi kansa bai sani ba. Bugun farko mai laushi ne, ba ya jin sa. Sai iska ta sauka sosai bugun ya yi ƙarfi sannan ya ji, ya buɗe ido ya rubuta abin da ya gani da zuciya ɗaya. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Wannan ne ya fi ci mata rai, don da ha'inci ne da ta san yadda za ta yi fushi.

Ta sani sarai cewa gyara awon gobe kaɗai bai isa ba. Akwai mutanen da aka riga aka sallama suna yawo a gari da jini a sama, suna ganin sun warke. Sai an kira su duka an sake auna su. In kuwa aka kira su, gari ya ji, in gari ya ji, kowane shugaba ya san an bi lamba har ƙofar mai ita. Alkawarin da ta ɗauka a tsaye a kan baranda ya karye ke nan, kuma a kan mutumin da ya sa ta ɗauka. Ta rasa barci, ta rasa cin abinci. Mijinta ya daina tsokanar jaka, ya tambaye ta ko lafiya, ta ce aiki ne. Likita ta kira ta sau da yawa, kullum amsar ɗaya ce, ana kan bincike. Gaba kura, baya sayaki, ita kuma ta zaɓi ta tsaya a tsakiya, kamar tsayuwar ba ta cin kowa.

Tana cikin wannan jan ƙafar aka ce mata Tela ya faɗi a shago. Ta tarar an riga an wuce da shi babban asibiti. Shagon a buɗe yake, an manta ba a rufe ba, kuma farar rigarta ce a ƙarƙashin allurar keken, an ɗinke hannu ɗaya. Da ta je duba shi, ya gane ta. Ya yi ƙoƙarin yi mata wasan da ya saba, bakin ya ƙi, sai miyau. Hannun damansa, wanda ya ciyar da gida da shi tun yana saurayi, na kwance a kan zanen gado kamar ba nasa ba. Ta fito ta tsaya a bakin famfo ta wanke fuska ta daɗe. Ba ta san ko da ta yi magana tun ranar da Likita ta nuna mata layin da Tela ya tsira ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Abin da ta sani shi ne ta san gaskiya ta zauna a kanta.

Washegari da yamma, bayan an sallami mutane, ta auna kanta da na'urar ofishinta. Ɗari da saba'in da wani abu. Ba ta yi mamaki ba. Ta nufi tsohuwar unguwa, ta tarar da Kawu shi kaɗai yana jera kwalaben magani, bayansa na ƙofa. Ta yi sallama bai juyo ba, sai da inuwarta ta faɗa kan kabad. Ya yi murna da ganinta. Ta ce kanta ke ciwo kwana biyu, ya auna ta.

Ya ɗaura mata ɗamarar da irin natsuwar da ta sani tun tana yarinya, ya matsa, ya rufe ido ya karkata kai. Ita tana kallon agogon. Ta ga tsinken ya fara rawa tun can sama, yana harbawa da kowane bugu na zuciyarta, Kawu kuma yana jira, fuskarsa a sake. Tsinken ya yi ta sauka. Sai da ya iso ɗari da talatin ya buɗe ido.

"Lafiyarki ƙalau, Uwata. Gajiya ce. Ki rage yawon nan da jaka."

Ta ciro na'urarta ta ɗaura a gabansa ta danna. Ya dubi lambar ya yi murmushi, ya ce ai ya faɗa musu tun ranar farko, abin nan ko tebur aka ba shi sai ya sa masa ciwo. Ta san haka zai ce. Ta mayar da ɗamararsa a damtsenta, ta kamo hannunsa ta ɗora yatsunsa a wuyan hannunta, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Kawu, ajiye abin sauraron. Ka matsa, ka saki, ka bar idonka a buɗe. Inda yatsanka ya ji bugun ya dawo, ka duba."

Shi ya koya mata wannan ma, don ranar da mutum ya tsinci kansa ba abin sauraro. Ya dube ta, ya yi yadda ta ce. Bugun ya dawo ƙarƙashin yatsansa tsinken na can sama. Ya saki iskar duka, ya sake. Ya sake kuma. Sannan ya kwance ɗamarar a hankali, ya naɗe ta yadda yake naɗewa kullum, ya zauna. A waje wani mai gyaran keke na ta buga ƙarfe, ta lura Kawu bai ko san ana yi ba.

Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce layin asibitinsa, Lamba Bakwai, ya jima yana sauka a kwamfuta. Ya tambayi wa ya sani, ta ce Likita ta san akwai wani asibiti, ba ta san nasa ba ne. Sai ya ambaci Tela da kansa, ya ambaci wata mai sayar da itace da ta rasu bara, ya fara ambaton wani ya kasa ƙarasawa. Ta ce masa dole a kira duk wanda ya auna a sake dubawa.

"In aka kira su kowa ya san Lamba Bakwai," in ji shi. "Ina alkawarin?"

"Na ɗauka ban san nauyinsa ba, Kawu."

"Na gaya miki." Ya dubi abin sauraron a kan tebur. "Ki kira su. Ba zan hana ba, ni ba mai kisan kai ba ne. Amma ki faɗa mini abu ɗaya. Shekara nawa kina zama a gabana kina cin abinci, ba ki ga kunnena ba, sai da baƙuwa ta nuna miki a kwamfuta?"

Maganar ba adalci a cikinta, tunda shi mai kunnen ma bai gani ba. Amma gaskiya ce.

Aka kira mutane. Layi ya fita daga baranda ya bi lungun har bakin titi. Sista da ma'aikatanta suka zauna da na'urori, har da wadda aka sauko da ita daga saman kabad, ƙura ta rufe kwalinta. Kawu ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa cikin farar rigarsa, duk wanda zai shiga ya gaya masa da bakinsa cewa awonsa ne ya kuskure, a yi haƙuri. Ba wanda ya sa shi. Wasu suka riƙe hannunsa suka ce Allah ya sa kaffara ne. Wasu suka wuce ba su dube shi ba. Ƙanin Tela ya tsaya ya faɗi maganganun da ba a faɗa wa dattijo, Kawu na kallon bakinsa, ya gane duka. Mutane da yawa suka koma kan magani a makon nan, kuma babu shakka cikinsu akwai waɗanda yau suke tafiya da ƙafafunsu saboda haka. Da aka gama, Kawu ya miƙa makullin asibitin ya ce ya huta.

A taron ƙarshen wata bencina rabi ne suka cika. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo ya miƙe ya ce shi ya zo ne kawai ya janye asibitinsa a gaban ido: wadda ta bi lamba har ta tona Kawun da ya raine ta, su su wa? Sista ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma da nasa asibitin ne da haka za ta yi. Ya ce ai abin da yake faɗa ke nan, ya sa hularsa ya fita. Likita ta yi ƙoƙarin kwantar mata da hankali, ta ce abin da aka gano zai amfani wurare da yawa da ake awo da kunne, kuma nan gaba sai a rubuta sabon sharaɗi, a faɗi tun farko abin da za a yi in lamba ta nuna ana cutuwa. Gaskiya ta faɗa. Da tun farko aka yi hakan, da wataƙila ba wanda zai shiga, da kuma har yau ana tururuwa zuwa inda jini ba ya hawa. Sista ta kan juya wannan a ranta har yanzu ba ta samo bakin zaren ba.

Ta koma yawo daga farko, ƙofa zuwa ƙofa, da sabon sharaɗin a jaka. Yanzu ita ake ba kujera da ruwa a ce ta dawo. Biyu sun dawo, wasu sun ce suna tunani. Tela na zaune a ƙofar shagonsa da sanda, ɗansa ke kan keke, kuma rigar nan Sista ba ta taɓa zuwa karɓa ba.

Duk mako takan biya gidan Kawu. Ta samo masa ɗan abin da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji, ya karɓa ya yi godiya, yana kuma sawa. Ba ya fushi, ba ya gori. Yakan miƙo mata damtsensa ta auna shi da na'ura, ya tambayi lambar, ya gyaɗa kai. Suna hirar yara da tsadar magani da ciwon gwiwar matarsa. Zuwanta na baya-bayan nan, da ta naɗe ɗamara ta tashi, ya rako ta har bakin ƙofa yana jan takalmi.

"Na gode, Sista. A gaida maigidan."

Tun ranar awon nan haka yake ce mata, bai ƙara cewa Uwata ba. Ta ɗan tsaya, kamar yadda take tsayawa kowane mako, ko zai ƙara wani abu. Ya riga ya juya. Ta gyara jakar a kafaɗarta ta fita, don akwai asibiti ɗaya da take son ta riska kafin su tashi.